Haƙorin Makkana da Maginan Cikin Baki

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina, ko da yake bakin nan nawa yanzu iska na shiga ta gaba: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Kada mai karatu ya wahalar da kansa wajen laluben wani. Sunana Alhaji Garba, mutumin Azare. Na yi boko har aji huɗu na firamare, kuma aji huɗun zamaninmu ba irin na yanzu ba ne, don har darasin tsafta an yi mana, malam ya zana ƙuda a allo da ƙafafunsa duka. A nan na fara jin cewa akwai waɗansu ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Tun daga ranar nake ganin abin da ya raba ni da likita bai wuce farar riga ba.

Da tsufana na tashi neman sana'a a Kamaru. Guzurina jaka ɗaya, da garin maganin haƙori haɗin hannuna, kanumfari da kanwa da gishiri da citta, sai kuma haƙorin Makka. Wannan haƙori ku riƙe shi da kyau, don a kansa aka sha duk wahalar. Shekarar da na sauke farali aka kifa mini kwanson zinariya a kan haƙorina na sama, wajen dama, inda ko murmushin yaƙe na yi sai ya haska. Ba ni da bene, ba ni da mota, rigunana sun sha faci. Amma duk inda na buɗe baki, kafin in faɗi sunana an ce Alhaji. Ga mai sayar da maganin haƙori kuwa, allon shago ke nan da ba ya buƙatar fenti.

Saboda girmansa, aswaki bai taɓa hawa kansa ba. Wani maƙeri ya taɓa gaya mini zinariya tana zaizayewa in ana gugarta, ni kuwa na riƙe maganar kamar karatun allo. Nakan goge sauran haƙoran tas, in na zo kansa in kewaye, kamar mai shara ya iske babban baƙo yana barci. Kurkure shi kawai nake da magani. A ganina wannan ladabi ne.

Wanda ya zuga ni tafiyar wani ɗan garinmu ne, Sale Direba. Ya ce mutanen Yawunde ko burodi sai sun shafa masa abin zaƙi, haƙoransu duk sun gama yawo, kuma babu mai magani ko ɗaya. Ya ce in na sauka in kira shi kawai.

Daga Mubi zuwa Garwa haƙorin ya yi mini aikin da takarda ba ta yi ba. A shingen farko jandarma ya yi ta zuba mini Faransanci, ni kuma ina ta ba shi Turancin aji huɗu, babu mai jin wani. Da na ga abin zai yi tsawo sai na yi murmushi. Ya dubi bakina, ya miƙo mini takarduna ya ce, “Alaji, passez,” wato in wuce. Na koma mota na gaya wa na kusa da ni cewa harshen zinariya babu ƙasar da ba a jinsa. Ashe barci yake.

A Gaundare aka yi mini shigo-shigo ba zurfi. Muna jiran jirgin ƙasa, na kasa zama wuri ɗaya, ina ta zagaye tasha kamar kazar da za ta yi ƙwai, sai ga wani saurayi mai toka-tokar riga, Hausarsa fes kamar ɗan Kano. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi sana'ata, ya girgiza kai cikin tausayi. Ya ce mutanen kudu ba sa ƙaunar abu mai ɗaci ko mai yaji, in ina son su saya sai in kwaɓa maganin da zuma, kuma duk Kamaru babu zuma irin ta ƙasar Adamawa. Ya ɗanɗana mini daga wata 'yar kwalba, zuma ce ta gaske har da ƙamshin fure. Jarkar da ya sayar mini kuwa daga bayan buhu ya jawo ta. Ni da nake ganin na fi ƙarfin 'yan tasha, har addu'a na yi masa.

Jirgin nan tun ina ganin sarari har na daina. Ƙasa ta fara rufewa, itatuwa suka haɗe sama, kore a kan kore, babu inda ido zai miƙe ya huta. Mutumin Azare ya saba ya hango mai zuwa tun yana ɗigo. A nan kuwa daji ne ke leƙo ka ta taga. Na tashi, na zauna, na je ƙofa, na dawo, na duba jakata, na sake dubawa. Wata dattijuwa da ke fuskantata, ba ta jin Hausa, ba na jin nata, ta gaji da kaiwa da komowata, ta kama bakin rigata ta zaunar da ni. Ta warware wani dogon abu daga ganye, rogo ne da aka dafa ya yi danƙo kamar roba, ta haɗa mini da gutsuren kifi. Allah ya saka mata. Na gatsa da gefen dama, sai na ji wani abu ya yi mini tsam a gindin haƙorin Makka, kamar an taɓa da tsinin allura. Na ce sanyin daji ne.

Da muka sauka Yawunde na kira Sale. Wata mata ta amsa da Faransanci, murya mai daɗi. Na gaishe ta, na tambayi maigidan, ta maimaita abin da ta faɗa. Sai wani ɗan dako ya gaya mini ba mutum ba ce, wayar ce a kashe. Har yau da nake wannan rubutu, matar nan ce ke amsa wa Sale.

Garin kuwa duk hawa da gangara, jan laka, ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo. Tasi ma ba irin tamu ba ce. Rawaya ce, direba ya rage gudu kawai, kai kuma ka jefa masa sunan unguwa ta taga. In ya yi oda ka shiga, in bai yi ba ya wuce. Ni kuwa da tarbiyya sai in fara da sallama, in tambayi gajiya da iyali. Kafin in kai ga “ya kasuwa” motar ta sha kwana. An ce mini direbobin arewa na zama a unguwar Elig-Edzoa, na je, babu wanda ya san Sale. An ce in gwada Messa, na je, wani ya ce ya san Sale guda amma ya rasu, kuma tela ne. Ƙafafuna suka yi jawur da laka har idon sawu. Da la'asar wani mai sayar da takalma ya dube ni ya ce, Alhaji, ka daina wahalar da kanka, ka bi hayaƙi da kiran salla. Haka na gangaro unguwar da 'yan boko ke rubutawa Briqueterie, mu kuma muke ce mata Birik.

Ƙamshin tsire ne ya fara tarye ni, sai ƙarar kekunan ɗinki, sai Hausa ta ko'ina, wata da gishirin Fillanci, wata da ɗigon Faransanci. Na tsaya a ƙofar wani mai kilishi don in tambayi masallaci, sai ƙafafuna suka ƙi ci gaba. Malam Hamadu sunansa, mutumin Garwa, siriri, ba ya son dogon zance. Bai tambaye ni daga ina ba sai da na sha ruwa. Ya ba ni tabarma a ɗakin da yake ajiye faifayen shanya nama, ya ba ni benci a gefen shagonsa, ya ce in kasa kayana, Allah ne mai kasuwa. Mutum biyu a gidan nan dole in gabatar muku. Akwai mahaifiyarsa, Dada, tsohuwa ƙarama kamar a saka a aljihu, mai harshe kamar aska, wadda daga ganina ta raɗa mini Alhajin Najeriya. Akwai kuma 'yarsa Fadimatu, tana jami'a, tana wani dogon karatu a kan dattin haƙori. Da na ji haka sai na ce ashe abokiyar sana'a ce, na fara kiranta ƙaramar Dokta, don a san akwai babba.

Na kwaɓa garina da zumar Gaundare, na tsinka da ruwa, na ɗura a kwalabe. Tallata kuwa mai sauƙi ce. Duk wanda ya gifta sai in kurɓi maganin, in kurkure, in tofar a kwata, in wage baki zinariya ta haska, in ce, “Voilà,” wato ga shi. Kalmar Faransanci ke nan da na fara mallaka. Allah ya taimaki mutanen Yawunde, kallo suka fi yi da saye. Wanda ya fi kowa shan maganin nan ni ne, tun hantsi har magariba bakina bai rabu da shi ba. Da na ga Birik ba ta ja, sai in ɗauki jaka in nufi bakin kasuwar Mokolo. In can ma shiru, in haura unguwar Madagascar. In ruwa ya kore ni, in dawo benci, in kasa zama, in sake tashi. Dada takan ce ko ɗan akuya ya fi ni natsuwa.

Gida kuwa yana raina kullum. Tuwon dawa da miyar kuka irin na Talatu, matata, wanda nake kushewa shekara da shekaru, shi na riƙa gani in na rufe ido. Nakan kira ta in ce kasuwa sai godiya, jama'a har layi suke yi. Takan ce to, Allah ya sa layin na masu saye ne.

Tsam ɗin nan na jirgi bai tafi ba. Ya zama zugi, zugin ya sami wurin zama. Dasashin wajen ya yi ja, in na sha shayi sai in ji har ƙwaƙwalwa. Ban gaya wa kowa ba. Mai maganin haƙori da ciwon haƙori, ai gara a ce liman ya manta Fatiha.

A lokacin ne Fadimatu ke yawo gida-gida da wasu 'yan tsinkaye da kwalabe, tana roƙon a bar ta ta ɗan kankari gindin haƙori don bincikenta. Unguwa ta ƙi. Mu mutanen da ba ma yar da gashin aski ko farce a sarari, mu ne za mu ba wata yawun bakinmu a kwalba ta tafi da shi inda ba mu sani ba? Dada ce kaɗai ta buɗe mata baki, ta ce wanda zai yi mata sammu a wannan shekarun ya makara. Ni da ta zo wurina, na ce ba tsoron asiri nake ba, mu 'yan boko mun wuce nan, sai dai kada jami'a ta gano sirrin maganina ta bakina ta riga ni kasuwa. Ta yi dariya ta tafi. Amma ta lura da yadda nake tauna kilishi da gefen hagu, kamar raƙumi.

Wata safiya ta tare ni a tsakar gida ina aswaki, ta ga yadda na kewaye babban baƙo. Ta tambayi dalili, na ba ta fatawar maƙeri. Ba ta yi dariya ba, wannan ne ya fara ba ni tsoro. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna.

Ta ce farin laushin nan da ke kwanciya a gindin haƙori, wanda in ka kankara da farce yake fitowa, ba ragowar tuwo ba ne kamar yadda muke zato. Gari ne, da mazaunansa. Ƙwayoyin da malaminmu ya ba mu labari ba sa zaman ɗaiɗai a baki, don yawu zai wanke su. Sai su manne a jikin haƙori, su yi gini su shige ciki. Ta tambaye ni ko na taɓa ganin ana kwaɓin ƙasar gini. Na ce yarinya, a gidan ƙasa aka haife ni. Ta ce to me ake zubawa a ciki don kada katanga ta tsage. Na ce ciyawa. Ta ce yawwa. Ƙasarsu daga sukari suke kwaɓa ta. Ciyawar kuwa daga jikinsu take fitowa: waɗansu a cikinsu fashewa suke yi, wasu da kansu, wasu maƙwabtansu ne ke sako musu abin da zai fasa su. In ƙwaya ta fashe, wani dogon zare mai yauƙi ya zubo daga cikinta, zaren da ke ɗauke da gadon halittarta, wanda a makarantarsu suke kira ADN, wato DNA a Turance. Zaren nan sai ya sarƙe cikin kwaɓin, ya ɗaure masu rai da junansu, ya ɗaure su da haƙori. Har ma masu ran sukan tsinci guntayensa su ƙaru da dabarar mamacin, kamar magada.

Na ce Allahu akbar, ashe har a cikin baki ana rabon gado.

Ta ce aikinta ke nan. A 'yan farantanta na makaranta, in ta zuba abin da ke tsinka zaren, sabon gini rushewa yake yi, amma wanda ya daɗe ya yi ƙwari ba ya jin wannan sosai. Kuma takan ga maganin da ke yi musu zafi bai gama da su ba, wani lokaci sai ya fasa kaɗan, sauran su ƙara kauri. “Ban rantse a kan bakinka ba, Baba Alhaji, faranti nake aunawa. Amma ruwa ba ya rushe katanga don ya wuce ta gefenta. Sai an sa hannu an goge. Ka goge wurin nan, kuma ka zo in kai ka a duba.”

To, ga inda aji huɗu ya yi aikinsa. Duk wannan bayani, kalma ɗaya ce ta shige ni: fashewa. Na ce a raina, ashe zafin da nake ji yaƙi ne ake yi, maganina ne ke farfasa su, kuma jami'a da kanta ta tabbatar. Maganar goga kuwa na ajiye ta gefe, don yarinyar ba ta je Makka ba, ba ta san darajar abin ba. Na ƙara kanwa, na ƙara citta, da ya yi yaji da yawa na ƙara zuma. Na canja talla. Na riƙa tsayawa a bakin Mokolo ina shela cewa maganin nan fasa ƙwayar cuta yake yi kamar gurjiya, a tambayi masu bincike. Na kurkure, na tofar, na kurkure, na tofar. Bakina ya saluɓe, na ce alamar nasara ce.

Ranar wata Juma'a na tashi kuncina na dama ya kumbura kamar na ɓoye ƙwallon goriba. Idona ɗaya ya ƙanƙance. Na naɗa rawani har haɓa, ni da ban taɓa sarauta ba, na ce sanyi nake ji. A masallaci na kasa tsayawa cak a sahu, sujada kuwa kamar an ɗora mini dutsen niƙa a fuska. Da muka dawo na kasa shiga ɗaki, na kasa zama a benci, na yi ta zagaye tsakar gida. Dada tana kallona daga kan tabarmarta. Ta ce a miƙo mata jarkar nan da nake ɓoyo. Ta lakata, ta ɗanɗana, ta goge yatsa a zane. Ta ce ita a Adamawa aka yaye ta, wannan abu kudan zuma bai taɓa ganinsa ba ko a mafarki, sukari ne aka dafa har ya yi ja. Fadimatu ta ce ko ta gasken ce ma, a baki duk abincinsu ne. Malam Hamadu ya rufe shago, ya tsayar da tasi da kalma ɗaya. Shi ya iya.

Asibitin haƙorin a kan wani tudu yake. Likitar mace ce, ba ta jin Hausa, Fadimatu ce tafinta. Tun kafin in zauna na kafa sharaɗi: a yi duk abin da za a yi, amma kada a taɓa zinariya. Na ce a gaya mata wannan haƙori ya yi ɗawafi. Fadimatu ta juya mata, ban san yadda ta juya ba, likita ta gyaɗa kai cikin girmamawa, ta sa madubi da ɗan ƙarfe ta leƙa. Ta daɗe. Sa'an nan ta kira Fadimatu ta nuna mata, suka yi ta magana ƙasa-ƙasa kamar masu duba gonar da fari ya ci.

Fadimatu ta ce, Baba, gefen kwanson ya ɗan ɗaga tun da daɗewa, sun shiga ta nan sun yi gini a inda babu mai damunsu. Dole a cire kwanson a ga abin da ya rage. Na ce in an gani a mayar. Ta ce in akwai abin da za a mayar a kansa.

Babu. Da aka ɗaga zinariyar, abin da ke ƙasa kamar azarar da gara ta cinye, waje lafiya, ciki gari. Likita ta ce ruɓar ta kai saiwa, ƙurjin ma daga nan yake, in aka bar shi zai iya bin fuska. Na roƙa a liƙe. Na roƙa a kifa kwanson a kan na kusa da shi, ai maƙwabci ne, ya san hali. Ta ce kowane kwanso da haƙorin da aka auna masa, kuma maƙwabcin ma yana jinya. Na dubi Malam Hamadu ko zai sa baki. Ya ce, “Alhaji, hajji ba a baki yake ba.” Aka ba ni magani na sha har kumburin ya sauka, muka koma, aka zare haƙorin. Ban ji zafi ba, an yi allura. Abin da na ji shi ne ƙarar da kwanson ya yi da aka jefa shi a ɗan faranti. Ƙaramar ƙara ce ƙwarai, ban zaci haka zai yi rashin nauyi ba.

Fadimatu ta tambaya cikin ladabi ko yanzu zan bar ta ta ɗauki ɗan abin da aka kankaro. Na ɗaga mata hannu. Wanda aka ƙwace wa doki ba ya rigima a kan linzami.

Da muka fito, wani mai tura kaya ya nemi hanya a bayana. Ya dubi fuskata ya ce, “Le père, avancez.” Wato tsoho, matsa. Tun daga Mubi ba a taɓa kirana haka ba. Na sa hannu a aljihu na taɓa kwanson da aka naɗe mini a auduga, na matsa.

Kwalaben da suka rage na tuntsurar da su a kwata da hannuna. Na bi 'yan tsirarun da suka taɓa saye, wani tela da wani mai gyaran waya, na ce su daina, su koma wa aswaki da buroshi. Telan ya ce ai shi tun ranar farko a shayi yake zubawa. Na kira Talatu, na ce lafiya lau, kasuwa ce dai ta ɗan canja salo. Ta ce wa ke yin fito kusa da kai? Na ce iskar Yawunde ce. Malam Hamadu ya ce in zauna in taya shi shanya nama har in haɗa kuɗin komawa. Na karɓa, amma zama ya gagare ni. In na shimfiɗa faifai biyu sai in ga kaina a bakin titi ina kallon motocin arewa, harshena yana ta komawa wurin giɓin kamar mai neman abin da ya faɗi.

Mutum dai ba ya rasa abin kare kansa. Wata yamma bayan la'asar an taru a ƙofar gida ana shan shayi, maƙwabta da teloli, Fadimatu ta dawo daga makaranta tana cewa abin da aka samo daga bakina ya fi na kowa yauƙi a farantinta. Sai na ga dama ta samu. Na gyara zama, na yi gyaran murya. Na ce jama'a su shaida, haƙorina bai tafi a banza ba, ilmi ya yi wa hidima, ƙaramar Dokta ba za ta ci jarrabawa ba sai da babba. Na ce kuma a yi mini adalci: yaƙi aka yi, an ci ni, amma ban faɗi ni kaɗai ba. Abin da na farfasa a cikinsu, in da mutane ne, da Birik ba ta ɗauke gawarsu ba. Har wasu sun fara gyaɗa kai.

Dada tana bakin zaure, aswaki a bakinta. Ta zare shi, ta tofar gefe, ba ta ko dube ni ba.

“Kai ka kai musu ƙasa, kai ka kai musu ciyawa, kai ka hana a share musu fili. Alhajin Najeriya, ai ka sami aikin da ka zo nema. Leburanci ka yi wa ƙwari, ba su biya ka ba, suka kuma riƙe filin.”